Rijiya ta bayar, guga ya hana: yadda bankunan Amurka suka yi da tallafin masu bashin gida

A watan Yulin 2015, ofishin babban mai binciken da majalisar dokokin Amurka ta kafa don sa ido a kan kuɗin ceton bankuna ya fitar da wani rahoto. Magidanta kusan miliyan 5.7 ne suka nemi a sassauta musu bashin gidajensu a ƙarƙashin shirin gwamnati mai suna HAMP, kuma kimanin miliyan 4 daga cikinsu an ce musu a'a. Wato a cikin kowane mutum goma, bakwai an sallame su hannu rabbana. Bankin Citi ya ƙi mutum 87 cikin 100 na waɗanda suka zo wurinsa, JPMorgan Chase ya ƙi 84, Bank of America ya ƙi 80. Gwamnati ce ta ware kuɗin tallafin, amma bankunan da ke bin mutanen bashi su ne aka ɗora a bakin ƙofa, su zaɓi wanda zai shiga da wanda za a kora.

Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk tallafin da aka danƙa rabonsa a hannun mai bin bashi, ba tare da wani alƙali a tsakani ba, to an ba kura ajiyar nama. Na kuma ga ya dace mu yi wannan magana yanzu a nan Ghana, tun bashin jinginar gida bai yi mana yawa ba, domin ana ta tallata shi ga ma'aikatan gwamnati irina, ana kuma tallata shi ga 'yan'uwanmu da ke Bronx da Landan da Hambug masu son su mallaki gida a Ankara ko Kumasi.

Ga yadda abin ya faro. A Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, kasuwar kuɗi ta duniya ta girgiza. Kafin wata guda ya cika, majalisa ta amince da dala biliyan 700 don tallafar bankuna, Shugaba George Bush ya sa hannu a ranar 3 ga Oktoba. Manyan bankuna sun karɓi rabonsu cikin 'yan makonni, babu wanda ya ce su kawo takardar albashi ko shaidar biyan haraji sau uku. Masu gidajen kuwa sai a Fabrairun 2009 aka waiwaye su, lokacin da sabon shugaba Barack Obama ya je garin Mesa a jihar Arizona ya yi shelar shirin da aka ce zai ceci magidanta miliyan 3 zuwa 4. A takarda, tsarin ya yi kyau. Za a rage abin da mutum ke biya kowane wata ya dawo kashi 31 cikin 100 na abin da yake samu, ta hanyar rage kuɗin ruwa har zuwa kashi 2, ko tsawaita shekarun biya. Mutum zai yi gwajin wata uku, idan ya biya a kan kari sai a tabbatar masa da sabon tsarin. Kamfanin da ya gyara bashi ɗaya kuma gwamnati za ta ba shi ladan dala 1,000.

To me ya hana? A nan ne nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni, domin sai an gane wannan sannan sauran labarin zai yi ma'ana. A Amurka, kamfanin da kake aika wa kuɗi kowane wata galibi ba shi ne mai bashin ba. An riga an tattara dubban basussuka irin naka an ɗaure su dami guda an sayar wa masu zuba jari a ko'ina cikin duniya. Wanda kake magana da shi a waya ɗan karɓa ne kawai, kamar yaron mai gidan haya da ke zagayawa ƙarshen wata. Ladansa wani ɗan kaso ne na jimillar bashin da ya rage, saboda haka idan aka yafe maka wani ɓangare na uwar kuɗin, nasa ladan ne ya ragu. Idan ka makara, tarar makara aljihunsa take shiga. Idan aka ƙwace gidan aka yi gwanjonsa, shi ne ke fara cire kuɗin lauya da na duba gida da sauran caje-cajensa kafin masu bashin su ga ko kwabo. Gyaran bashi kuwa aiki ne mai cin lokaci, yana buƙatar ma'aikata masu ilimi da za su zauna su duba fayil ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗora dala 1,000 a sikeli ɗaya, ka ɗora duk waɗannan a ɗayan, ba sai an gaya maka inda zai rinjaya ba. Sau da yawa ma masu bashin na asali sun fi samun riba idan aka gyara, domin gidan gwanjo ba ya daraja, amma ba su ne ke ɗaukar waya ba.

Abin da ya biyo baya, mutanen da suka shiga cikinsa sun faɗe shi da baki ɗaya daga jihohi daban-daban. Ka aika takardu, a ce ba su iso ba. Ka sake aikawa, a ce saura shafi ɗaya. Kafin ka kawo shafin, a ce takardar albashin da ka fara aikawa ta tsufa, sai ka kawo sabuwa. Gwajin wata uku ya zama wata tara, ya zama shekara. Ranar da aka ce maka ba ka cancanta ba, sai a lissafa bambancin da ke tsakanin tsohon biya da ragaggen biyan da kai ka yi bisa umarninsu, a haɗa da tara, a ce ka biya gaba ɗaya ko ka fita. Akwai waɗanda ba su taɓa fashin biya ba sai da aka ce musu ba a duba buƙatar wanda bai makara ba. Mafi muni shi ne, yayin da wannan ofis yake ce maka ka kwantar da hankalinka ana duba fayil ɗinka, wancan ofis na bankin yana can yana shirya ranar gwanjo.

Wani zai ce ai wannan sakaci ne kawai na kamfanonin da aiki ya yi wa yawa. Akwai sakaci, ban musa ba. Amma a watan Yunin 2013, wasu tsofaffin ma'aikatan Bank of America sun ba da shaida a rubuce cikin rantsuwa a wata kotun tarayya da ke jihar Masachuset. Sun ce an umarce su da su riƙa gaya wa mutane cewa takardunsu ba su iso ba alhali suna gani a kwamfuta sun iso. Sun ce sau biyu a wata akan yi shara, a ƙi duk fayil ɗin da takardunsa suka wuce kwana 60 ba tare da an karanta ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce wanda ya tura gidaje goma ko fiye zuwa layin ƙwacewa a wata guda yakan sami tukuicin dala 500, wasu kuma a ba su katin sayayya a kanti. Bankin ya ƙaryata su, ya ce zancen cike yake da kurakurai, kuma alƙali bai yarda a haɗa ƙarar ta zama ta gayya ba. Na kawo musun bankin ne don adalci. Sai dai ni malamin makaranta ne, kuma idan yara daga aji daban-daban waɗanda ba su san juna ba suka kawo mini ƙara iri ɗaya a kan mutum ɗaya, ba na cewa duk haɗa baki suka yi.

Tun kafin wannan ma asiri ya riga ya tonu ta wani ɓangaren. A 2010, wani lauya mai suna Thomas Cox da ya yi ritaya yana taimakon talakawa kyauta a jihar Men ya titsiye wani ma'aikacin kamfanin GMAC da tambayoyi. Ma'aikacin ya amsa cewa yana sa hannu a kan takardun rantsuwa na ƙwace gidaje ba tare da ya tabbatar da abin da ke cikinsu ba, adadin da yake sa wa hannu kuwa ya kai kimanin 10,000 a wata. Ka raba wannan da kwanakin aiki ka gani. Ko takardun jarrabawar aji ɗaya ba na iya dubawa da wannan sauri, balle takardar da za ta fitar da iyali waje da kayansu. A Satumban shekarar GMAC ya dakatar da korar mutane a jihohi 23, a Oktoba Bank of America ya dakatar a dukkan jihohi 50 na ɗan lokaci.

Sai aka zo batun hukunci, wanda a ganina ya fi laifin ban takaici. A Fabrairun 2012 gwamnatin tarayya da jihohi 49 suka yi sulhu da manyan kamfanoni biyar, Bank of America da JPMorgan Chase da Wells Fargo da Citi da Ally, a kan dala biliyan 25. Adadin ya cika kunne. Amma tsabar kuɗin da ya fita daga aljihunsu bai wuce kimanin biliyan 5 ba, sauran maki ne ake rubuta musu idan sun yi rangwame, har da rangwamen basussukan da dama ba su da fatan karɓowa. Waɗanda aka riga aka ƙwace wa gida tsakanin 2008 da 2011 kuwa, kowannensu ya sami cakin dala 1,480 ko kusa da haka. A gefe guda, hukumomin da ke kula da bankuna sun ba da umarnin a sake duba fayilolin mutane ɗaya bayan ɗaya don a gano wanda aka zalunta. Wa zai duba? Kamfanonin ba da shawara waɗanda bankunan da kansu suka ɗauko suke kuma biya. Kusan dala biliyan 2 suka lashe kafin a dakatar da aikin a Janairun 2013 ba tare da an kammala ba. Aka raba dala biliyan 3.6 ga mutum fiye da miliyan 4, akasarinsu dala 300 suka samu. Wasu ma da suka kai cakin farko banki an dawo musu da shi, aka ce su dakata tukuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko bayan duk wannan ba a gama ba. A 2018 Wells Fargo ya sanar cewa wani kuskure a manhajar lissafinsa, wajen ƙididdige kuɗin lauyoyi, ya sa an hana mutanen da suka cancanta sassauci. Da farko ya ce mutum 625 ne, bayan wata uku ya ce 870 ne, kuma 545 daga cikinsu sun rasa gidajensu. Shekaru aka yi kuskuren yana aiki. Ka yi tunanin mutumin da ya yi shekara shida ko bakwai yana zargin kansa, wataƙila aurensa ya mutu a kan haka, 'ya'yansa sun canza makaranta, sannan wasiƙa ta zo masa cewa a yi haƙuri, kwamfuta ce.

Neil Barofsky, wanda shi ne ya fara riƙe wancan ofishin binciken, ya ba da labarin wani zama da aka yi da sakataren baitulmali Timothy Geithner. Ya ce da aka matsa wa Geithner a kan amfanin shirin ga masu gidaje, sai ya nuna cewa shirin zai taimaki bankuna su rarraba ƙwace-ƙwacen a tsawon lokaci don kada su faɗo musu gaba ɗaya, kamar kumfar da ake fesa wa titin jirgi idan zai yi saukar gaggawa. Idan haka ne, to shirin bai gaza ba, ya yi aikin da aka gina shi ya yi. Akwai wata hanya da aka kawo a lokacin, ta a ba alƙalan kotun fatara ikon rage bashin gidan da mutum yake zaune a ciki. Majalisar wakilai ta amince, amma a ƙarshen Afrilun 2009 majalisar dattawa ta kayar da ita da ƙuri'a 51 da 45. Da an yi wannan, da banki ya san cewa idan bai sasanta ba akwai wanda zai sasanta a madadinsa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zancen banza ba ne. Wanda ya ci bashi ai shi ya sa hannu. Akwai waɗanda suka sayi gidan da ya fi ƙarfinsu, akwai waɗanda suka yi ƙaryar albashi, kuma da yawa daga waɗanda aka gyara wa bashin sun sake kasa biya. Gaskiya ne. Ba kowa ne za a iya ceta ba, mutumin da ba ya da aiki ko kaɗan, rage masa biya ba zai tsayar da shi a gidan ba. Amma maganar da nake yi ba ta waɗanda ba su cancanta ba ce. Ta waɗanda dokar shirin da kanta ta ce sun cancanta ce, suka cika sharaɗi, suka biya kuɗin gwaji, aka kuma kore su. Sannan mu tuna yadda wasu suka shiga tarkon tun farko. A 2011 an biya dala miliyan 335 a kan zargin da ma'aikatar shari'a ta yi wa kamfanin Countrywide na caje wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka kuɗi fiye da fararen da suke daidai da su, a 2012 Wells Fargo ya biya miliyan 175 a kan irin wannan zargi. Unguwannin baƙaƙe ne suka fi jin jiki, har da gundumar Prince George's a jihar Merilan, inda 'yan Afirka ta Yamma da dama suka sayi gidaje. A 2015 jaridar Washington Post ta kawo labarin wasu ma'aurata 'yan Ghana a can waɗanda bashinsu ya haura dala miliyan ɗaya.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa matsalar tsari ce shi ne abin da ya faru lokacin korona. A Maris 2020 majalisar Amurka ta yi doka cewa duk mai bashin gida da gwamnati ta tsaya wa, idan ya ce annobar ta taɓa shi, a ɗaga masa biya na kwana 180, yana kuma iya neman ƙarin wasu 180. Babu takardar albashi, babu gwaji, babu ikon banki ya ce a'a. Mutum fiye da miliyan 4 suka shiga a tsakiyar shekarar, aka kuma dakatar da ƙwace gidaje. Ƙasa ɗaya ce, kusan kamfanoni ɗaya ne, amma guguwar korar da aka ji tsoro ba ta zo ba. Tsadar gidaje a lokacin ta taimaka, domin wanda ya kasa yana iya sayarwa ya biya. Duk da haka babban bambancin shi ne an cire wa guga ikon hanawa. Kafin nan ma, tun Janairun 2014, hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta sa dokar cewa ba a fara shirin ƙwace gida sai mutum ya yi fashin biya fiye da kwana 120, ba a kuma yin gwanjo alhali cikakkiyar buƙatarsa tana gaban banki ba a amsa ba.

Wani ɗan'uwa zai ce, Malam, duk wannan ai sakamakon riba ne, mu da muka san hukuncinta me ya haɗa mu? Hukuncin riba sananne ne, ba ni zan koya wa kowa ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai namu da yawa a ciki, a waje da nan gida, wasu bisa fatawar larura, wasu ba tare da sun tambayi kowa ba. Kuma ko yarjejeniyar da babu ruwa a cikinta tana da shafin da ke bayanin abin da zai faru idan ka kasa biya. Addinin da ya hana riba shi ne ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, saboda haka neman doka ta tilasta wannan jinkirin ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A nan Ghana, dokar bashin jinginar gida ta 2008 da dokar masu ci da masu ba da bashi ta 2020 sun sauƙaƙa wa mai ba da bashi ya sayar da abin da aka jinginar bayan ya ba da sanarwa, ba sai ya yi doguwar shari'a ba. An yi haka ne don bankuna su saki jiki su ba da lamuni, kuma akwai hikima a ciki, domin shari'ar fili a ƙasar nan tana iya cinye shekarun mutum. Amma an ƙarfafa hannu ɗaya ne. Wani ɓangare na bashin gidajen da ake bayarwa a nan da dala ake lissafa shi. A 2022 dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da sidi 13 a Nuwamba. Malamin makaranta ko nas da ke karɓar albashi da sidi, bai yi laifin komai ba, bai yi fashin aiki ba, amma abin da ake cire masa ya ninka. Da gwamnati ta sake fasalin basussukanta na cikin gida bankuna suka yi asara, an kafa musu asusu na musamman don kada su faɗi. Ban ce kada a tallafi banki ba, kuɗin 'yan kasuwarmu na Nima da Aboabo a can suke ajiye. Tambayata ita ce, mai gidan fa?

Abin da nake kira ga Babban Bankin Ghana da 'yan majalisarmu su yi bai fi ƙarfinsu ba, kuma ya fi sauƙi a yi shi yanzu da babu gobara. A rubuta a doka cewa muddin mutum ya shigar da buƙatar a sake masa tsarin biya, ba za a sa gidansa a kasuwa ba sai an ba shi amsa a rubuce, da dalili, da lissafin da aka yi amfani da shi, yadda zai iya kai wa wani masani ya duba masa. Da mutanen Wells Fargo 545 sun ga lissafin da aka yi musu, da wani cikinsu ya gano kuskuren tun shekarar farko. A kuma samar da inda zai ɗaukaka ƙara wanda ba bankin ne ke biyan albashinsa ba. Kowane banki ya riƙa buga adadin waɗanda suka nemi sassauci da adadin da ya ƙi duk shekara, kowa ya gani. Batun ba mai albashin sidi bashin dala kuwa, ni dai a hana shi kawai.

Kafin a kai ga haka, wanda aka miƙa wa fom a ofis ko aka turo masa ta WhatsApp daga wani dillali, ya tsallake hoton gidan da ke bangon gaba ya nemi shafin da ya yi maganar kasa biya. Kwana nawa za a ba shi bayan sanarwa, wane kuɗi ake lissafi da shi, ko bankin yana da ikon miƙa bashin ga wani kamfani, wa ke biyan lauyan banki idan rigima ta taso. Duk takardar da ya kai, ya sa a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa. Duk alƙawarin da aka yi masa a waya, ya ce a rubuto masa, in an ƙi, shi ya rubuta musu wasiƙa ya ce ga abin da wane ya gaya mini ranar kaza, ya ajiye kwafi.